Takardun da Naomi Ke Kawowa

Mashkura na kicin tana gyaran alayyaho Abbanta ya shigo, ƙanwarsa Goggo Batulu na biye da shi da waya a hannu.

"Wane ne wannan?" Abba ya tambaya, yana nuna mata wayar.

Hotonta ne da Nazir a bakin tafkin Jabi, sun sunkuya kan littafi ɗaya.

"Abba, ɗan ajinmu ne, tutorial yake yi mana. Mu goma sha biyu ne, an yanke sauran ne daga hoton..."

"Karatu a bakin ruwa!" Goggo ta tafa hannu. "Yaya, ni dai na fita haƙƙinka."

Abba ya karɓe wayar Mashkura. "Daga yau kin gama jami'a."

Saura mako uku jarabawarta ta ƙarshe. Gaskiya ne tana son Nazir, shi ma ya furta mata, amma sun ajiye maganar sai sun kammala. Ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa alayyahonta, ta ɗora miya. Kwanaki suka riƙa wucewa, abinci ba ɗanɗano, in Umma ta yi magana sai ta maimaita kafin ta ji.

Rana ta uku, ƙawarta Naomi 'yar garin Kwali, wadda Hausarta ba ta nuna sosai ba, ta zo gidan nasu na Garki.

"Baba, good afternoon. Na kawo ma Mashkura notes, shi bai zo class ba."

Abba ya sa tabarau ya bi takardun layi-layi, yana neman kalmar so. Bai samu ba. Aikin 'yan ajinsu ne kawai: zanen Meshach, da tsofaffin tambayoyin da Bilkisu ta tattaro, sai bayanin Nazir da jan biro. Kullum Naomi sai ta zo, kullum sai ya duba. Mashkura kuwa karantawa kawai take yi, ba ta san ko don me ba.

Ran Asabar Abba ya fita bai ce ga inda za shi ba. Da la'asar ya dawo, ya tsaya bakin ƙofarta.

"Na bi Naomi, na gani da idona. Yaron nan ya tara su a gindin bishiya, kowa na koya wa ɗan'uwansa. Sun ajiye kujera da sunanki." Ya cire tabarau. "Na zalunce ki, uwata. Ki yafe mini."

A nan ne kukan ya zo mata, ta durƙushe ta riƙe ƙafarsa.

Ta zauna jarabawa, ta ci. Ranar da sakamako ya fito Abba da kansa ya kira Nazir.

"Kai malamin gindin bishiya! Ka turo magabatanka."

Haƙurin Mashkura bai faɗi ƙasa ba. Iyaye a riƙa bincike kafin hukunci, ɗalibai kuma kada ku ɓoye wa juna ilimi, domin wata rana shi zai tsaya muku shaida.