Ramin da Aka Tsallake

Da hantsi aka tsinci gawar Orval Tackett a filin harbi na bayan garin Willcox, harsashi ɗaya a ƙirji. Shi ne shugaban ƙungiyar masu harbi da libarba irin ta kaboyin da. Kafin azahar an samo tasa bindigar a motar ɗan ƙanwarsa, Dwayne, wanda suka yi cacar baki da shi jiya. Kowa ya ce magana ta ƙare, ban da 'yar sanda Loretta Baca.

Ta buɗe bindigar. Rami shida: huɗu da harsashi, ɗaya da kwanson harsashin da aka harba, ɗaya wayam. Orval kuwa ba ya ajiye bindiga da harsashi a ciki, wanda ya harbe shi ne ya ɗura. Mutum biyu ke da makullin akwatin bindigoginsa: Dwayne, da amininsa Harlan Pruitt, alƙalin filin.

Ta zaunar da su, ta zube harsasan gwaji a tebur.

"Dwayne, ɗura mini."

"Wallahi ban kashe Kawu ba!"

"Ban tambaye ka ba. Ɗura."

Ya yi ta lalube kafin ya gano ƙofar da ake ɗura harsashi, ya cusa shida cif. Abin tausayi.

Harlan ya tuntsire da dariya. Mutum ne da ba ya iya ganin kuskure ya yi shiru.

"Kai, sakarai! So kake ta faɗi ta tashi ta fasa maka ƙafa? Kawo nan."

Ya zazzage su. Ya sa ɗaya, ya tsallake rami, ya sa huɗu, ko kallon hannunsa bai yi ba.

"Haka ake yi, yarinya. Biyar. Na shida a bar shi wayam, ko ta faɗi ba za ta tashi ba."

"Haka na same ta, Baba Harlan," in ji Loretta. "Duk ɗan ƙungiyarku biyar yake sawa. Dwayne bai ma san dokar ba. Sakatarenku kuma ya gaya mini Orval zai hana ka harbi, saboda idonka ya tafi. Ka jefa bindigar a motar da kowa zai zarga, amma hannunka ya riga ya saba."

Dariyar ta ɗauke. Harlan ya daɗe yana duban yatsunsa.

"Tun muna samari nake tsaye a filin nan," ya ce a hankali. "Orval ne ya koya mini tsallake ramin."

Loretta ta ciro ankwa.

"Ya kuwa koya maka da kyau. Dwayne, tashi ka tafi gida."