Ba Komai, Madugu

Da zarar mutum ya tsaya a tasha, sandar ƙarfen da ke bakin titi sai ta haska, ta yi gyaran murya kamar mai shirin wa'azi, ta ce, "Sannu da jira. An ɓata maka rai?" Duk abin da mai jira ya amsa, kunnen da ke jikin sandar zai kwashe ya aika wa Madugu. Shi kuma Madugu ya auna, ya raba safa.

Madugu na'ura ce da aka girke a ƙarƙashin ginin Hukumar Safa ta Gundumar Kewaye, gundumar da ta zagaye Birni kamar zobe. Tun da aka hana motocin kai da babura hawa titi, safa marasa direba ne kaɗai ƙafar jama'a. A da mutane ne ke raba hanyoyi, kowa kuma ya san yadda rabon yake: unguwar surukin shugaba safa har ƙofar gida, unguwar wanda bai san kowa ba ta sha rana. Da abin ya ishi majalisa sai ta kafa doka cewa hannun ɗan Adam ba zai ƙara taɓa rabon ba. Aka kawo Madugu, wanda ba shi da suruki kuma ba ya cin goro. Aka sa masa ma'aunin ƙunci, aka ce inda ƙunci ya fi yawa, can zai fi tura mota. A takarda dai abin gwanin sha'awa.

Uwani tana aiki a ɗakin sa ido na hukumar. Aikinta kallo ne kawai: ta zauna gaban babban allo tana bin ɗigon fitilun da ke yawo a kan taswira, kowane ɗigo safa guda. A nan ta lura layin Tudun Marke yana ramewa. Ɗigon da ke hawa tudun suka ragu, suka ƙara raguwa, har ya zama wani lokaci hantsi kan wuce ba ko ɗaya.

Da wata unguwa ce da ta yi tsaki ta wuce. To, a Tudun Marke mahaifinta yake, Malam Ilu, wanda ake yi wa wankin ƙoda a asibitin Birni. Makon jiya ya wuni a tasha safa ba ta zo ba, wankin ya wuce shi, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Likita ya gaya wa Uwani ba ɓoye-ɓoye cewa jikin tsohon ba zai ɗauki fashi na biyu ba. Gobe kuma ranar wanki ce.

Zuciyarta ta tsaya a kan mutum ɗaya, Injiniya Tukur, mai kula da lafiyar Madugu. Bai daɗe da tarewa a unguwar Dogon Bene ba, kuma a kan allo safa na bin juna zuwa can kamar tururuwa sun ga suga. Ta fara sa masa ido. Ya rage murya a waya, ta ce shi ke nan. Ya gaishe ta da fara'a, ta ce ga alamar marar gaskiya. Ranar da bai gaishe ta ba kuma ta ce ya gane an gano shi.

Yau dai ta tare shi a bakin matakala.

"Injiniya, tun da ka koma Dogon Bene safa ke bin ka. Asiri ka yi musu?"

"Malama Uwani, zargina kike yi?"

"Ni ban ce ba. Ido dai gare ni."

Bai yi fushi ba, wannan ma ya ƙara mata zargi. Ya ce ta biyo shi. Suka sauka ɗakin Madugu mai sanyi kamar cikin randa, ya miƙa mata abin sauraro, ya kunna mata tashar Dogon Bene. Sai da ta janye shi daga kunne. Ihu ne da tsaki da Allah ya isa, wata mata na rantsuwa za ta kai ƙara saboda mota ta sa ta tsayuwar da ba ta kai ta shan kofin ruwa ba.

"Yanzu ji taku," in ji shi.

Sandar Tudun Marke ta yi tambayarta. Murya ta ce, "Ba komai." Wata ta ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi." Sai ga wata murya a hankali, mai ɗan haki, wadda Uwani za ta gane ko cikin kasuwa.

"Ba komai, ɗan nan. Ai kai ne da sannu, kana tsaye cikin rana tun safe."

Kunya ta kama ta, tsoro ya biyo baya.

"Waɗanda suka koya masa Hausa, ta ƙamus suka koya masa," in ji Tukur. "A wurinsa ba komai, ba komai ce. Kullum ya rage musu mota sai su ce ba komai, sai ya ƙara ragewa. Ko motar asibiti ya turo, in ya tambaye su ya jiki, sai su ce da sauƙi, ya mayar da ita. Bara ma ai Tudun Marke aka ba lambar yabo, wai unguwar da ta fi kowa gamsuwa."

"To a gyara mana!"

"Da wane hannun? Sai majalisa ta zauna. Kuma tambayar farko da za su yi, mahaifin wa ke hawa layin? Kin ga alfarmar da aka kawo shi ya kashe ke nan."

Ta kalle shi da kyau. Har yanzu ba ta tabbata ba ko manya sun daɗe da sanin wannan, suka ga shirun talaka ya yi musu daidai. Amma ba ta da lokacin bincike. Ta ce ita za ta je ta zazzage wa sandar. Ya girgiza kai, ya ce Madugu ya san muryar duk ma'aikacin hukuma, kuma zubar da ita yake yi.

Da yamma ta sami mahaifinta a kan tabarma, ya ɗora ƙafafunsa kan matashi. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan.

"Wato in je in yi wa yaron mutane faɗa?"

"Baba, ba yaro ba ne, ƙarfe ne."

"Ƙarfen da ke gaishe ni kullum? Uwani, wanda ya ce maka sannu ba ka amsa masa da ƙorafi. Ni haka na tarar."

"Ƙorafin shi ne kuɗin motar yanzu, Baba. Don Allah. Ba ƙarya za ka yi ba, abin da ke jikinka za ka faɗa. In ba don kanka ba, don ni."

Ya dubi ƙafafunsa, sannan ya ce to.

Da safe ta riƙo shi har tasha. Mutanen unguwa na nan a tsaye, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta roƙa. Kowa ya ce to, kowa kuma ya juya yana kallon Malam Ilu, don a Tudun Marke ba mai riga dattijo buɗe baki. Sandar ta haska.

"Sannu da jira. An ɓata maka rai?"

Bakin tsohon ya motsa, ya kusa faɗin abin da ya saba. Uwani ta matse masa hannu.

"An ɓata," ya ce. "An ɓata ƙwarai. Na gaji. Numfashi nema yake ya gagare ni, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Kullum sai in zo in tsaya kamar marar gata." Muryarsa ta ɗaga irin yadda Uwani ba ta taɓa ji ba tun tana yarinya. "Kai azzalumi ne! Ba ka da tausayi!"

Fitilar sandar ta koma ja. Uwani ta duba ƙaramin allon da ke ɗaure a hannunta, ta ga ɗigo ɗaya ya bar hanyar Dogon Bene ya miƙo. Ba a jima ba sai ga safar da kanta ta ɓullo a gindin tudu, fara sol, tana hawowa ba ƙara. Mutane suka fara tattara kaya. Daɗi ya sa Uwani ta saki hannun mahaifinta don ta ɗauki jakarsa.

Da ta ɗago, ya riga ya matsa jikin sandar. Ya ɗora tafinsa a kanta kamar mai lallashin jika, idonsa cike da ƙwalla.

"Ka yafe ni, ɗan nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba halina ba ne, sa ni aka yi. Ba komai, wallahi ba komai."

"Baba!"

Fitilar ta koma kore. "Madalla," in ji sandar. "Mun gode da gamsuwarka."

A tsakiyar tudu safar ta rage gudu, ta kunna fitilar kwana, ta juya a hankali cikin ladabi ta koma inda ake zagin ta. Uwani ta buɗe baki za ta yi wa tsohon ihu, sai ya juyo yana haki, ya ga fuskarta, ya ce, "Na ɓata miki rai ko?"

Ta ji amsar ta fito da kanta, da irin muryar da shi ya koya mata.

"Ba komai, Baba."