Saƙon da Ya Shigo Wayar Saudat

Ranar da Aina'u ta fara ganin Abdulbaqi, wuta ce ta ɗauke a Challawa da tsakar rana. Injinan majemar da mahaifinta, Malam Lawal, yake aiki suka yi tsit lokaci guda. Tana tsaye bakin get da kwanon abincinsa, a gefenta doguwar katangar wata masaƙa da aka rufe tun tana ƙarama, tagogi sun farfashe, ciyawa ta cinye harabar. Sai wani abu ya bugi ƙofar ƙarfen daga ciki. Ta ja da baya har ta kusa faɗawa kwata.

"Iska ce, kada ki tsorata," in ji wani saurayi mai shuɗiyar rigar aiki. "Ni ma da farko da gudu nake wuce wajen nan."

Mai gyaran lantarki ne a wani kamfanin robobi a Sharada, an aro shi ya duba janareto. Ta yi dariya ba ta shirya ba. Bai daɗe ba ya gano gidansu a Panshekara.

Malam Lawal bai kore shi ba, amma ya gindaya sharaɗi: babu zancen aure sai Aina'u ta samu gurbin karatu a jami'a. Ta ci jarrabawa da maki mai kyau, saura jira. Kullum ya dawo aiki, tun bai wanke warin fata daga hannunsa ba, zai ce ta buɗe shafin neman gurbin a waya ta duba. Da ta fara dannawa sai Inna Ladidi, mahaifiyarta, ta tashi ta shige ɗaki.

Abdulbaqi yakan turo saƙo bayan la'asar.

"Hasken idona, kin duba yau? Ko me shafin ya nuna, ni dai na riga na ba ki gurbi, kuma babu mai soke shi."

"Har yanzu shiru, Nawa. Baba ya ƙi cin tuwo. Inna kuwa daɗi ta ji, na gani a fuskarta."

Sai da ya matsa ta gaya masa dalili. Tana da yaya, Saudat, 'yar farin Inna. Ita ma haka aka yi ta jira da ita. A satin da shafinta ya nuna an fara duba sunanta, zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Ana zaman makoki saƙon samun gurbi ya shigo wayarta. Tun daga nan Inna ta adana wayar a ƙasan akwati, tana yi mata caji, tana sa mata kati don kada a rufe layin. Duk Juma'a takan kira tata wayar da ita, ta zauna tana kallon sunan da kunyar 'yar fari ta hana ta furtawa yana haske, har kiran ya katse.

Ana haka Jamilu ya shigo. Shi ne mai shagon kwamfuta inda aka yi wa 'yan matan biyu rajista, kuma ya daɗe da son Aina'u. Ya ce wa Malam Lawal yana da mutum a cikin jami'ar, wanda yake jin labari tun kafin a saki sunaye. Kullum da alamar da zai kawo: yau an kai fayil ofishin gaba, gobe an ga sunan da ya fara da harafinta. Malam Lawal ya fara shimfiɗa masa tabarma a zaure. Da Abdulbaqi ya ce cikin ladabi a yi hattara da irin wannan labari, sai tsohon ya ɗauka baƙin ciki yake da karatun. Ya ce kada ya sake taka masa ƙofar gida.

Wata Juma'a da yamma garin ya yi luf, hadari ya haɗu ya ƙi zuba. Aina'u tana tankaɗe a tsakar gida ta ji ƙara daga ɗakin Inna, wata tsohuwar ƙarar saƙo da ta yi shekaru ba ta ji ba. Rariyar ta suɓuce daga hannunta. Ta tarar da Inna zaune dirshan gaban akwati. Inna ba ta karatun boko, don haka ta miƙo mata wayar.

"'Yar Malam Lawal, sunanki ya kusa fitowa. Ki shirya tafiya."

Inna ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, a hankali, "Ga shi an fara kira." Daga ranar ta hana Aina'u kai abinci Challawa, ta roƙi Malam Lawal a janye takardun, shi kuma ya ce tawakkali ne ya yi mata ƙaranci. Gidan ya koma babu mai yi wa wani magana. Aina'u kanta ta fara jin ciwon kai, ta rasa na gaske ne ko na tsoro. Da saƙo na biyu ya shigo, mai cewa lokaci ya yi, sai ta rubuta wa Abdulbaqi.

"Nawa, ina jin tsoro. In wani abu ya same ni ka yafe min."

"Babu abin da zai same ki da yardar Allah, Sanyin raina. Gobe zan zo, ko da Baba zai kore ni a gaban jama'a."

Ya zo ya tarar da Jamilu a zaure yana ba da labarin mutuminsa. Ya durƙusa ya gaida Malam Lawal, ya roƙi alfarma ɗaya, a ba shi lambar da saƙon ya fito. Aina'u ta karanto masa daga bayan ƙyaure. Ya danna kira. Waya ta ɗauki ruri a aljihun gefen Jamilu, ba wadda yake riƙe da ita ba.

Jamilu bai iya musu ba. Ashe ba shi da kowa a jami'ar. Ya so ne ya nuna aikinsa yana ci, ya ɗauko lamba daga tsohuwar rajista mai sunan Malam Lawal, ya zaci ta Aina'u ce. Yana cikin ba da haƙuri ƙarar ta sake tashi daga cikin gida. Dukkansu suka kalli hannayen Jamilu. Wayoyinsa biyu suna kan tabarma.

Inna ce ta fito da wayar da kanta. Saƙon ba shi da lamba a samansa. Aina'u ta karanta.

"Innata, ki bar ta ta je."

Jamilu ya yi rantsuwa ba shi ba ne. Abdulbaqi ya ce layin waya yakan yi kuskure, amma bai ɗago kai ba da yake faɗa. Aina'u dai ta san mutum ɗaya ce tak take ce wa mahaifiyarsu Innata. Inna ta share fuskar wayar da gefen zaninta, ta ce Allah ne masani, ta koma ciki. Ranar ta ci abinci sosai.

Gurbin na gaskiya ya fito ba tare da wata alama ba, wata safiya Aina'u tana wanki. Inna ta riƙe mata tsintsiyar hannu yayin da ta danna amincewa. Malam Lawal ya yi sujada a tsakar gida, daga nan ya hau keke napep har Sharada, ya sa aka kira masa Abdulbaqi bakin get, ya ce ya turo magabatansa.

Makonnin da suka biyo, Inna takan zo wucewa ta dafa goshin Aina'u kamar ba da gangan ba. Kullum sanyi take ji. Aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a, abokan aiki daga Challawa da Sharada har da Bompai suka cika layin.

Da ango ya zo gaida surukai, Inna tana bayan labule. Kowa ya zaci amin kawai za ta ce, sai aka ji muryarta.

"Abdulbaqi, ga amana nan. Ka kai ta makaranta da kanka. In an tashi ku riƙa biyowa ta nan, ta gaya min abin da aka koya musu, ko ban gane ba zan saurara. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'ar da za ta daɗe."

Aina'u tana lulluɓe a gefensa, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ita ce ta amsa musu su biyun.