Kwanon Silba da Butumbutumin Kwali

"Ummu, ɗago ki dube ni... ke ce wannan?"

Ummulkhairi ta kalli wayar Lukman sau ɗaya, ta sunkuyar da kai.

Ita ce a bidiyon. Tana 'yar shekara goma, an kifa mata kwanon silba a ka, an shafe fuskarta da shuɗin wanki, tana umartar wani butumbutumin kwali ya shanye ruwan dam ɗin Bakolori don kifaye su koma sama da zama. Samarin Bakura ne suka shirya abin shekaru goma sha biyar da suka wuce, bayan tsofaffin finafinan Turawa na halittun sama sun juya musu kai. Ko a lokacin, babu wanda ya gane labarin.

"Taibatu ta tura wa dangi," in ji Lukman. Taibatu ɗiyar gwaggonsa ce, kuma ta daɗe da zaɓar ɗakin da za ta zauna a gidansa. "Kawu Tukur ya bugo daga Maradun. Wai zuriyarmu ba ta auren 'yar fim."

"Kawu Tukur ne ya faɗa?"

"Shi."

Hawaye suka zubo mata.

"Ka bi maganar manya, masoyina... ni dai kada ka kalli ƙarshensa. Don Allah!"

Ba a taɓa gaya wa namiji haka ya ji ba. Kafin la'asar Lukman ya zagaye kasuwar Talata Mafara, ya samo faifan fim ɗin a ƙasan buhun wani mai gyaran rediyo.

Ashe minti ɗaya kawai Taibatu ta tura daga fim ɗin. A minti na arba'in iska ta taso, ta ɗauke kan kwalin. Sai ga Kawu Tukur a cikin kwalin, da baƙin gemu, gumi sharkaf, yana ihu:

"Ku yanke! Ku yanke mana!"

Ba su yanke ba. Ba su san yadda ake yi ba.

Lukman ya kira Ummulkhairi.

"Kin sani, kika yi shiru?"

"Dattijo ne. Kunyata ta ishe ni, ba sai na ƙara da tasa ba."

Lukman bai tura wa kowa ba. Ya kai wa kawun faifan har gida, a ambulan.

Ranar Juma'a Kawu Tukur da kansa ya jagoranci masu neman aure zuwa Bakura. Da Ummulkhairi ta durƙusa gaishe shi, kowannensu tabarma yake kallo.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "kwanon nan... ya yi miki kyau."

"Na gode, Kawu. Kai ma ka yi ƙoƙari."