Itacen Da Uwaisu Ya Hana

"Ke Marka! Wai mijin nan naki rasuwa ya yi ba a aiko mana ba?"

Gwaggo Uwaliya ce ke wannan sababi da sanyin safiya, ta riƙe ƙugu a tsakar gida tana hararar gindin katangar da ake jibge itace. Babu komai a wurin sai 'yan ƙirare. Marka na daga ɗaki tana jin ta, jaririnta a cinya, amma ba ta amsa ba. Ba raini ba ne, numfashin amsawar ne babu.

Haihuwar fari ce ta dawo da Marka gidan mahaifinta Malam Hammadu a Lakwaya, don a yi mata wankan jego irin na 'yar gata. Gwaggo, yayar Malam Hammadu, ita ta karɓi aikin, kuma ba ta wasa da shi. Safe da yamma tukunya na kan wuta, ruwa ya tafasa a fyaɗa wa mai jego da ganye, a ɗura mata kunun kanwa ƙwarya guda, sannan ta hau gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Itacen wannan hidima kuwa miji ke kawowa, kuma da tsayin tulinsa mata ke auna son da yake wa matarsa. Uwaisu, mijin Marka, mai ɗinkin buhunan gyaɗa a wurin sikeli a Gwarzo, ya fita kunya da farko, jakuna ya jero har maƙwabta suna leƙowa kallo. Sai ga shi itacen ya ƙare tun arba'in da saura, shi kuwa gogan ya yi mirsisi.

Ga Marka kuma jiki ya ƙi daɗi. Ƙafafu sun kumbura, tari ya addabe ta, daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta tsaya ta yi haki. Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige ta, maganinsa a ƙara wuta, a ƙara kanwa.

Abin da ya fi damun Marka ba ciwon ba ne, mamaki ne. Ta san mijinta. Mutumin da idan ya sayi tsire sai ya naɗe ya kawo mata bai ɗanɗana ba, yau shi ne zai yi rowar itace? Ga kuma labarin da mata ke kawowa, wai duk Alhamis ana ganin kekensa a Garo, jingine a ƙofar gidan wata tsohuwa. To me ɗan ɗinkin buhu ke nema a gidan tsohuwa? Ta juya maganar ta juya, ta kasa gano kanta.

Da la'asar Uwaisu ya zo. Marka ta lallaɓa ta bi bango har bayan zaure ta kasa kunne. Yana durƙushe gaban surukinsa, kai a ƙasa, an gama doguwar gaisuwa.

"Uwaisu, ban ba ka 'yata don ka mayar da ni abin dariya ba," in ji Malam Hammadu. "Garin nan kaf an san mai jego na kwance ba itace. In babu ne, ka faɗa, ni zan saya."

"Ba babu ba ne, Baba."

"To mene ne?"

Yaro mai kunya ba ya buɗe baki ya ce wa surukinsa abin da gidansa ke yi kuskure ne, ko da wuƙa a wuyansa. Sai cewa ya yi, "A yi haƙuri, Baba."

"Haƙurin ke nan na yi. Juma'a in ga itace a gidan nan, ko kuwa ka sawwaƙe mata!"

Da dattijon ya fita masallaci, Marka ta faɗo zauren tana haki, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Malam, me na yi maka? In ka daina sona ne ka gaya min, na huta da tunani!"

Ya tashi da sauri ya zaunar da ita. Idonsa na kan ƙafarta, ya yi jajur.

"Marka, wallahi da itacen dajin nan duka zai ba ki lafiya, da a kaina zan ɗauko shi. Matar abokin aikina ta yi irin ciwon nan naki, shi ya nuna min gidan da nake zuwa. Abin da na jiyo a can bakina ba zai iya faɗa wa Gwaggo ba, in na faɗa ma ba za ta ji ba. Amma na yi magana da direban lorinmu, jibi zai sauke miki baƙi."

"Su wa?"

"'Yan barka. Ai ba a korar 'yan barka, ko?"

Kwana biyun nan Marka ta yi su tana saƙa da warwara. Gwaggo kuwa ta aro itace a maƙwabta, tana hura wuta tana ambaton Uwaisu da abin da ba ya maimaituwa.

Ranar Alhamis da hantsi aka yi sallama. Mata uku suka shigo, kuma tun daga tafiyarsu Marka ta zuba ido. A hankali suke takowa, in ɗaya ta tsaya sauran su tsaya, babu mai ce wa wata yi sauri. Babbarsu, wata tsohuwa mai fara'a, ta ce sunanta Sabuwa, daga Garo. Aka yi barka, aka ɗauki jariri aka yaba. Gwaggo ta kawo kunun kanwa kamar yadda ake yi wa baƙin jego.

"Allah ya amfana, Yaya, amma mu ba ma sha," in ji Sabuwa.

"Ba kwa sha? Dukanku?"

"Dukanmu. Ruwa ma ya isa."

Gwaggo ta ɗauke ƙwaryar fuska a murtuke. Sabuwa ta matso kusa da Marka ta dube ta sama da ƙasa.

"'Yata, a zaune kike barci, ko? In kin miƙe sai ki ji kamar an ɗora miki buhu a ƙirji?"

Marka ta zaro ido. "Inna, wa ya gaya miki? Ko Gwaggo ban faɗa wa ba!"

Ƙaramar cikinsu, Zubaidatu, wadda ba za ta girme wa Marka sosai ba, ta ƙyalƙyale da dariya. "Wa zai gaya mana? Mu ne fa 'yan haki! Haka yaran Garo ke kiran mu, mu ma muka karɓe sunan. Ni bara war haka, ko zanena ba na iya ɗaurawa."

"To me ya same ku?"

"Ciwon zuciya. Ba na ɓacin rai ba fa, ita kanta tsokar ce ke gajiya, ta kasa tura jini, ruwa ya taru a jiki. Haka likita ya ce mana a Kano."

Nan fa tambayoyi suka ɓalle wa Marka kamar an kwance bakin buhu. Ana warkewa? Me kuke ci? Miya ba kanwa ai ba ta yin yauƙi! Mazanku ba su gudu ba? Su kuma suna amsawa suna katse juna. Duk Alhamis suke haɗuwa a gidan Sabuwa, su zauna ɓarar gyaɗa tunda daka ya fi ƙarfinsu. Kowa ta miƙe ƙafa a duba mata. Wadda ƙwayoyinta suka kusa ƙarewa a tuna mata, wadda za ta koma asibiti a haɗa ta da 'yar rakiya. Sun koya wa juna miya mai ɗan gishiri kaɗan a cika ta da daddawa da albasa, da yadda ake cusa ɓawon gyaɗa a buhu a jingina a yi barci.

"Wani wata Zubaidatu ta saci kunun kanwa a gidan suna," in ji ta ukun, "ƙafarta ce ta tona ta!"

Marka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Rabonta da dariya tun ranar suna.

"Shi kuwa mijinki," in ji Sabuwa, "a zaure yake zama yana aiko mana da tambaya, har muka gaji da shi. Mu muka ce masa odar likita ce, mai irin wannan kumburi a raba ta da kanwa da gashin wuta, a kai ta asibiti. Ya ce ba shi da bakin hanawa. Sai ya hana abin da ke hannunsa."

Gwaggo, da ke bakin ƙofa tana ji, ta yi tsaki. "Ku ji min mata! Mu da haka aka yi mana, haka aka yi wa iyayenmu, ga mu nan garau!"

"Gaskiyarki, Yaya, da yawa sun yi sun tashi lafiya. Ni ma haihuwa huɗu na yi lafiya, a ta biyar ta kama ni. Ba musu na zo yi ba. Zo ki sa yatsanki a nan, ki danna."

Gwaggo ta zo don ta ƙaryata su. Ta danna babban yatsanta a ƙaurin Marka, ta ɗauke. Gurbin yatsan ya zauna, rami sosai, ya ƙi cikowa. Ta tsura masa ido.

"Haka ƙafar Asta ta yi," ta faɗa a hankali.

Asta ita ce 'yar Gwaggo tilo, ta rasu a jegonta na fari tun Marka na ƙarama, kuma Gwaggon ce ta yi mata wanka. Gwaggo ta miƙe, ta fita ta sauke tukunyar, ta kwara wa wutar ruwa.

Washegari, Juma'ar da aka yanka wa Uwaisu, a bayan lorin ta same su kan hanyar asibitin Kano, Marka na jingine da buhunan gyaɗa, Zubaidatu a gefenta tana gaya mata inda ake karɓar kati da inda ake bin layi. Ta jima a asibiti. Aka yi allurai, aka ba ta ƙwayoyi, kumburin ya saɓe, numfashi ya dawo. Likita ya ce sai ta riƙa lallaɓa kanta, ta riƙa dawowa ana duba ta. Tun daga nan ta zama 'yar Alhamis a gidan Sabuwa, ita ce ma mai yawan tambayar cikinsu.

To masu karatu, ba kowane mai hana ka abu ne maƙiyinka ba, kuma ciwo yana sauƙi idan aka sami waɗanda suka riga ka ɗanɗana shi. Uwaisu ya haɗiye zagi da gori, ya kusa rasa aurensa, bai ɗaga murya ga na gaba da shi ba, Allah kuwa ya bar masa matarsa.

Ranar da ya zo mayar da ita ɗakinta, Malam Hammadu ya riƙe hannunsa ya daɗe yana sa masa albarka. Marka na ɗaure kaya sai ta ji Gwaggo ta nufi zaure da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta leƙa. Uwaisu ya zube ƙasa zai gaishe ta, ta dakatar da shi.

"Tashi, ɗan nan. Na zage ka a garin nan, ka yafe min." Ta share ido da bakin mayafi. "Mijin Asta yaron kirki ne, itacen da ya kawo har ya fi katanga tsayi. Da ma shi ma ya hana ni."