Ranar da Ankara Ta Yi wa Baba Bawah Dariya

"Mma! Mma! Za a sa Bra Seini a talabijin!"

Da gudu Zuleha ta faɗo gidan iyayenta da ke unguwar Akwatialine a Kumasi, mayafi a hannu. Mma Sala na tsakar gida tana suyar ƙosai, ta ɗago kai ta harare ta.

"Ke! Matar aure ce ke tsalle a titi haka? Wane talabijin kuma?"

"Na Ankara, Mma! Ran Asabar za a ɗauki wasansu a gaban 'yan kallo. Ya ce dukanmu za mu je, ni da ke da Baba. Har tikitin jirgin ƙasa ya saya!"

Seini mijin Zuleha ne, tela ne a unguwar, bara aka yi bikinsu. Allah ya ba shi baiwar kwaikwayo: in ya ji muryarka sau ɗaya, gobe zai yi ta har matarka ta amsa. Wannan baiwa ce ta kai shi cikin 'yan kansat, masu yawon wasan barkwanci gari-gari. Da fari Baba Bawah, mahaifin Zuleha, ya ƙi auren, ya ce bai ba ɗan wasa 'yarsa. Amma Zuleha ta kafe, Seini kuma ya yi ta zuwa rumfar goron tsohon yana taya shi tsince goro yana ba shi dariya, har ya koma kiransa "ɗana".

Sai dai tun azumin da ya wuce ba a sake jin dariyar Baba ba. A lokacin ne gwamnati ta ba baƙi marasa takarda wa'adin barin ƙasar. Cikin waɗanda abin ya ci har da Buraima, wani Bazabarme, amininsa tun suna samari, rumfarsu ɗaya, kwanon cin abincinsu ɗaya. Ranar tafiyar, lori ta riga ta tashi Baba ya ga butar Buraima a ƙasa. Ya sure ta ya bi motar da gudu, babbar riga na harɗe shi, takalmi ya fice, yana ihu, "Buraima, butarka! Da me za ka yi alwala a hanya?" Ya faɗi rub da ciki, ya fashe da kuka kamar yaro. Seini ne ya ɗaga shi, ya bi da shi ta lungu zuwa gida don kada kowa ya ga hawayensa.

Shi ya sa Zuleha ta durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifinta ta yi ta roƙo.

"Baba, ku daure ku zo. Ko iska kwa sha. Bra Seini ya ce in ba ku je ba, wasan ba zai yi masa daɗi ba."

Baba ya yi gyaran muryar nan tasa sau biyu, yadda ya saba kafin magana. "To, madalla. Saboda ɗana, zan je."

Asabar da sassafe suka shiga jirgi. Mma Sala ta ƙunso wake da shinkafa a ganye, Baba ya sa shuɗiyar rigarsa ta Sallah. A hanya yana leƙa gonakin koko ta taga, har ya sayi ayaba a wata tasha ya raba wa yaran da ke kusa. Zuleha ta taɓa uwarta. "Mma, dubi Baba, ya fara sakin jiki!" Suka sauka a unguwar Nima ta Ankara, gidan wata ƙanwar Mma, suka yi azahar, suka hau motar hayar da ake kira trotro zuwa gidan talabijin.

Zauren cike yake da ma'aikatan gwamnati da matansu da 'yan makaranta. Fitilu na zafi kamar bakin murhu, ga kyamarori manya a kan taya ana tura su. Wani mai taye ya fito ya ce in ya ɗaga hannu a tafa. Aka ba su kujeru a layin gaba, don iyalin ɗan wasa ne.

Wasan farko na wani malamin makaranta ne mai tsoron matarsa. Mma ta yi dariya har ta share ido, Baba ma ya murmusa. Sai aka rage fitila, aka kunna ƙarar lori.

Wani tsoho ya fito da gemun auduga, da shuɗiyar babbar riga, da buta a hannu. Ya tsaya ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "To, madalla."

Zuleha ta juya ta dubi Baba.

Tsohon ya zuba da gudu yana zagaye dandamali, riga na harɗe shi, takalmi ɗaya ya yi sama. Yana ihu da gurɓataccen Twi, yaren mutanen Kumasi, irin na Baba, yana haɗawa da Hausa: "Aboki, butarka! Butarka!" Ya faɗi, ya harba ƙafafu sama, ya ɓare baki yana kuka yana jan majina. Zauren ya kece! Mutane na dukan cinya, wasu na zamewa daga kujera. Wani daga baya ya ɗaga murya da Twi, "Kai ma ka bi shi mana, wa ya riƙe ka?" Aka ƙara fashewa. Matar da ke zaune bayan Baba ta dafa kafaɗarsa tana haki, ta ce, "Papa, ai har rigar irin taka!"

Baba bai motsa ba. Hannayensa na kan gwiwa, idonsa na kan surukinsa da ke birgima a ƙasa. Can ya karkata wajen matarsa, ya ce a hankali, "Sala, haka na yi?"

Mma Sala ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da aka tashi, Seini ya same su a bakin ƙofa, gemun audugar na rataye a kunne ɗaya, fuska sai walƙiya take.

"Baba, kun ji tafin? Manaja ya ce kowane sati zan riƙa fitowa! Ya ce ni ne sita, tauraron wasan!"

"Na ji," in ji Baba. "Ka iya, ɗan mutane. Ranar nan da ka ɗaga ni, na zaci kunyata kake rufewa. Ban san karatu kake ɗauka ba." Ya juya. "Zuleha, wuce mu tafi."

Seini ya riƙo hannunta. "Zule, me na yi? Ban ambaci sunan kowa ba! Wasa ne fa, wasa! Na ɗauka in ya ga abin ya zama na dariya, zai huce."

"Ƙarya kake, Bra Seini! Da don ya huce ne, da ka tambaye shi. Ka san abin da mutanen nan ke son yi wa dariya a bana, ka duba gidanmu ka ɗauko ka ba su. Ka ji abin da mutumin can ya faɗa? Kai ka buɗe masa baki!"

"To in ƙi aikin? Dama irin wannan sau ɗaya take zuwa!"

Ta zare hannunta ta bi iyayenta. A jirgin Lahadi suka koma Kumasi, kuma daga tasha Baba bai bar ta ta koma ɗakinta ba.

Mako bai zagayo ba aka nuna wasan. Masu talabijin a Zongo ba su da yawa, amma kowane gida mai akwatin nan cika yake da maƙwabta har taga, kuma duk Akwatialine an san gyaran muryar. Washegari yara suka fara bin Baba a hanyar kasuwa suna "Aboki, butarka!" Ya daina zuwa rumfa. Ya koma sallar asuba da isha kaɗai a masallaci, sauran a ɗaki.

Mma Sala ta tasa 'yarta gaba. "Ki aika ya sake ki! Ba ki rasa mai so ba. Mutumin da ya sayar da mutuncin ubanki, gobe naki zai kai kasuwa!"

"Mma, ba zan koma ba sai Baba ya ce in koma. Amma ba zan nemi saki ba."

"Son nasa kike har yanzu?"

Zuleha ta fashe da kuka. "Ina sonsa, Mma, kuma ina jin kunyar son. Ku bar ni da abin da ke cina."

Haka ta zauna. Ita ke dafa wa Baba abinci, ita ke zuwa rumfar ta tsare masa ita, ana nuna ta da baki ana "matar mai buta". Ba ta taɓa ramawa ba.

Seini ya ci gaba da fitowa da tsohon nasa a Ankara na ɗan lokaci. Ranar da ya zo Kumasi da sabon kwat, yana shiga unguwa ya hangi Baba ya leƙo zai zubar da ruwan alwala. Wani yaro ya faɗi a gaban Baba ya harba ƙafafu sama yana kukan ƙarya, daidai yadda Seini ya tsara. Baba ya tsaya ya jira yaron ya gama, sannan ya koma ciki.

Seini ya cire takalmi ya durƙusa a zaure tun hantsi har la'asar. Baba bai fito ba. Zuleha ce ta fito, ta tsaya nesa.

"Zule, na bar aikin. Wallahi na bari! Ki ce masa ya yafe mini."

"Ka bari, amma yaran ba su bari ba. Kuma kai har yau ba ka gane ba. Ba faɗuwar ce ke hana Baba barci ba. Bai san ko Baba Buraima ya isa gida ba, ko ya mutu a hanya."

Seini ya daɗe kansa a ƙasa. Ya tashi ya tafi.

Aka daina ganinsa a Kumasi da Ankara. Wasu suka ce ya gudu, Mma ta ce dama ta faɗa. Zuleha dai kullum tana sa shi a addu'a. Sai da damina ta kankama ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, leɓe duk ya fashe. Ya bi ta Tamale da Bawku, ya ƙetare iyaka, ya yi ta tambaya ƙauye-ƙauye har ƙasar Zabarma. Wannan karon da ya yi sallama ya ce, "Baba, daga garin Baba Buraima nake," sai labule ya ɗaga.

"Yana da rai?"

"Ya isa gida, Baba. Ya ga 'yan'uwansa, ya yi Babbar Sallah a cikinsu. Tarin da ya kama shi a kan lori ne bai sake shi ba. Bayan Sallah kaɗan Allah ya karɓi abinsa. Na ga matarsa, ta gaishe ku. Na je kabarin na yi addu'a da sunanku."

Baba ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Kuka ya taso masa. Ya dubi Seini, sai ya danne, ya saki labulen. Zuleha da Mma ne suka shiga wajensa, Seini na zaure yana jin sheshsheƙar tsohon ta bayan bango.

Bayan an yi sadaka, Baba ya kira su su biyu.

"Ka yi mini abin da ba wanda ya yi mini, mai kyau da maras kyau. Na yafe maka don Allah, da kuma don yarinyar nan da ba ta saɓa mini ba, ba ta kuma ci amanarka ba. Ɗauki matarka. Gidan nan gidanku ne. Amma kada ka ga na yi shiru in ka shigo ka ce fushi ne. Bakina ne ya daina sakewa a gabanka."

Haka kuwa aka yi. Zuleha ta koma ɗakinta, Seini ya koma kan keken ɗinkinsa, suka zauna lafiya, suka haifi 'ya'ya, na farin aka sa masa Buraima. Baba na wasa da jikokinsa har a jiyo dariyarsa daga waje. Amma da Seini ya yi sallama, sai tsohon ya gyara zama, ya amsa gaisuwa, ya ja carbinsa. Har ya koma ga Allah haka suke.

Haƙurin Zuleha ya tsare mata uba, ya tsare mata miji. Kai kuma mai karatu, in wani ya yarda da kai har ya yi kuka a gabanka, amana ya ba ka. Kada ka kai ta inda za a tafa maka, domin ko an yafe maka, mai yiwuwa ba za a sake ba ka ita ba.