Lallen Hannun Ƙasimu

Basira na tankaɗen gari a tsakar gidansu a Gyaɗi-Gyaɗi ta ji sallamar Ƙasimu. Nas ne a asibitin koyarwa. Shekarar da soja suka koma bariki aka tura shi kwas Sudan, wata shida, an riga an sa musu ranar aure shi da Basira.

Ya durƙusa gaban Hajiya Asabe, mahaifiyarta, ya miƙa tsaraba da hannu biyu. Hannun hagu baƙi ƙirin da lalle, har farce.

"Ƙasimu, mene ne wannan?"

"Hajiya, maƙwabcina ne ya yi aure a can. Al'adarsu ce, abokan ango..."

"Ni za ka raina wa hankali? Namiji da lalle! Aure ka yi. Ɗauki kayanka!"

Sati uku gidan ba daɗi. Ƙasimu ya turo kawunsa, aka sallame shi a zaure. Basira ta yi kuka har ta gaji, ta rame.

"Umma, wallahi ya yi mini bayani. Ba ya ƙarya."

"Wa ya aike shi shiga bikin mutane? Karatu ya je ko yawo? Gobe a mayar musu da lefensu."

Da safe Basira ta hau tasi zuwa Darmanawa wurin kakarta, Inna Uwani. Tsohuwar kuwa da ƙafa ta je Makka tana amarya, ta shekara bakwai a Sudan a kan hanya. Ta saurara, sannan ta ce, "Miƙo mini mayafina. A kira shi."

Akwatunan lefen na bakin ƙofa suka iso. Ƙasimu ya shigo kansa a ƙasa. Na tafin hannun ya goge, na farce yana nan.

"Kai, mai ƙwace mini jika, cire takalmi. Har safar."

Ya cire. Inna ta sunkuya da ƙyar, ta duba faratan ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya. Fari tas!

"Asabe, ango a can hannu biyu da ƙafa biyu ake yi masa. Abokai hannu ɗaya. Kuma ba kowane baƙo suke kamo hannunsa ba, sai wanda ya ci da su, ya je jana'izarsu. Ubanki ma an yi masa. Da mun kulle ƙofa muna gudun mutane, da wa zai karɓi haihuwarki a ƙasar?"

Hajiya ta juya wajen 'yarta.

"Basira, mayar da akwatunan ɗaki."

Basira ta zauna a kan na farko. Tana dariya, hawaye na zuba.

An ɗaura auren bayan Babbar Sallah, da sauran ja a bakin farcen ango. Haƙurin Basira bai tafi a banza ba. Wanda ya zauna lafiya da mutanen wata ƙasa zai iya riƙe 'yar mutane. Iyaye kuma, ku tambaya kafin ku yanke hukunci.